Fayil Ya Goge Daga Faifan Kwamfuta: Wace Hanya Za a Bi a Dawo da Shi?

Fayil ɗin da aka goge ba nan take yake barin faifai ba. Abin da kwamfuta ke yi shi ne ta soke sunansa a rajistarta, ta rubuta cewa gurbin da yake zaune ya zama fili. Kamar mai gidan haya ne da ya soke sunan ɗan haya a littafinsa, ya sanar cewa akwai ɗaki, alhali kayan mutumin suna jibge a ciki. Za su ci gaba da zama har ranar da wani ya tare. Duk hanyoyin ceto fayil daga faifan da aka goge shi, na kyauta da na kuɗi, a wannan ɗan tsakanin suke aiki. Da zarar sabon bayani ya hau gurbin, magana ta ƙare.

Saboda haka tambayar da aka fi yi, wato wace manhaja ce ta fi ƙarfi, ita ce ta ƙarshe a layi. Akwai uku a gabanta: wane irin faifai ne, yana da lafiya ko ya fara ciwo, kuma me aka rubuta a kansa tun bayan gogewar. Amsarsu ce ke zaɓa maka hanya.

Irin faifan da kuma abin da ake rubutawa a kansa

A NTFS, wato tsarin da Windows ke shirya fayiloli da shi a faifai, kowane fayil yana da shafinsa a wata babbar rajista da ake kira MFT, kuma girman shafin yawanci bait 1,024 ne. A nan ake rubuta sunan fayil, ranarsa, girmansa, da jerin guraben da bayanansa suke, kowane gurbi yawanci 4KB. Gogewa tana sauya alama ɗaya a shafin daga "ana amfani" zuwa "babu kowa", sannan ta saki guraben. Don haka abu biyu ne ke cikin haɗari: shafin rajistar, wanda Windows ke saurin bai wa sabon fayil, da guraben bayanan kansu. In shafin ya tafi guraben suna nan, za a iya samo abin da ke ciki amma ba suna. In guraben suka tafi shafin yana nan, za ka ga suna da girma daidai, ka buɗe ka tarar da shirme.

Faifan C:, wato wanda Windows ke zaune a kansa, shi ne mafi haɗari, domin Windows ba ya daina rubutu a kansa ko ba ka taɓa komai ba. Burauza tana ajiye shafukan da ka ziyarta, manhajojin tsaro suna rubuta rahoto, sabuntawa tana sauka a ɓoye, ga kuma gyaran jerin fayiloli da Windows ke yi wa HDD, wato faifai mai faranti, da kansa mako-mako. Binciken yadda za a dawo da fayil ma, in a kan kwamfutar aka yi shi, rubutu ne. A yi shi a waya. Idan fayil ɗin mai matuƙar muhimmanci ne kuma an duba ba ya kwandon shara, danne maɓallin wuta har kwamfutar ta mutu ya fi kashewa ta hanyar da aka saba, domin ita wannan tana rubuce-rubucenta na bankwana, wani lokaci har ta tsaya saka sabuntawa. Sai dai duk aikin da ke buɗe ba a adana ba zai tafi, a auna. Faifan waje kuwa sauƙi gare shi: a cire shi kawai a ajiye.

Bambancin HDD da SSD shi ne ya fi komai tasiri. HDD, mai faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, ba ruwansa da share fili. Tsohon bayani yana iya kwana a kansa shekaru in ba a hau shi ba. SSD kuwa, wanda ke ajiya a ƙwayoyin lantarki ba faranti ba, ba ya iya rubutu a kan gurbin da ke da bayani sai ya share shi tukuna, don haka tun daga Windows 7 a 2009 tsarin yana aika masa umarnin da ake kira TRIM duk lokacin da aka goge fayil. Daga nan ko da bayanan suna cikin ƙwayoyin ajiyar, in aka nemi gurbin yawanci sifiri zalla faifan zai bayar, kuma ba da jimawa ba zai share su da gaske. Ana gane irin faifan a Task Manager, a shafin Performance, inda ake rubuta HDD ko SSD a gefen kowane faifai. Don sanin ko TRIM yana aiki, a rubuta wannan a Command Prompt:

`fsutil behavior query DisableDeleteNotify`

In ya ba da 0, yana aiki. Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba: wasu HDD na zamani masu fasahar SMR su ma suna karɓar TRIM, don haka jin ƙarar juyawa ba tabbaci ba ne cewa bayanan suna nan. Filash da katin memori kuwa galibi kwamfuta ba ta aika musu TRIM, shi ya sa ake yawan dacewa da su.

Hanya ta farko: neman kwafin da ya riga ya wanzu

Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace kyau, kuma ita aka fi tsallakewa saboda ruɗewa. Ita ce mafi tabbacin dawo da fayil cif, da sunansa da foldarsa, kuma ita kaɗai ce SSD bai hana ta aiki ba.

In yanzu-yanzu aka goge kuma tagar foldar tana buɗe, Ctrl+Z yana iya dawo da shi. Sai kwandon shara, wato Recycle Bin: a jera abin da ke ciki bisa ranar gogewa, a danna dama, a zaɓi Restore. Fayil ba ya shiga kwandon in an goge shi da Shift+Delete, ko daga filash, ko daga foldar da ke kan wata kwamfuta ta hanyar sadarwa, ko in ya fi ƙarfin girman da aka ware wa kwandon. Kuma in an kunna Storage Sense, yakan kwashe abin da ya wuce kwana 30 a ciki.

Daga nan sai ma'ajiyar intanet, a duba ta a waya. Kwamfutoci da yawa suna tura Desktop da Documents da Pictures zuwa OneDrive ba tare da mai su ya lura ba. Kwandon OneDrive yana riƙe fayil kwana 30 a asusun mutum, kwana 93 a asusun aiki ko makaranta. Google Drive da iCloud Drive kwana 30 ne. Kar a manta da imel da manhajojin hira: takardar da aka taɓa tura wa wani tana nan a can, ko da ba sabon juyinta ba ne.

File History, wanda ya zo da Windows 8 a 2012, yana ɗaukar kwafi duk awa ɗaya zuwa wani faifai, amma sai in an kunna shi tun farko. A danna dama a kan foldar da fayil ɗin yake, a zaɓi Restore previous versions. In jerin ya fito babu komai, ba a kunna ba ke nan. A Mac, Time Machine yana ajiye kwafin kowace awa na awa 24, na kowace rana na wata ɗaya, sannan na mako-mako, kuma yana barin wasu kwafin na wucin gadi a kan faifan ciki ko da faifan ajiyar ba ya haɗe. Ga Mac na zamani wannan kusan ita ce hanya tilo, domin faifansu SSD ne, kuma masu guntun T2 ko na Apple silicon bayanansu a kulle suke da mabuɗin sirri tun daga tushe.

Hanya ta biyu: manhajar da ke karanta rajista

In babu kwafi, faifan HDD ne mai lafiya, kuma gogewar ba ta daɗe ba, nan ne ake zuwa. Waɗannan manhajoji suna bin MFT suna neman shafukan da aka yi wa alamar "babu kowa", su bi jerin guraben su kwafo. Amfaninsu shi ne suna dawo da suna, rana, da tsarin folda, kuma binciken farko minti kaɗan ne.

Dokoki biyu ne, kuma karya su ne ya fi lalata fayiloli fiye da raunin kowace manhaja. Ba a saka manhajar a kan faifan da abin ya faru, kuma ba a sauke fayilolin da aka ceto a kansa. Wanda ya sauke fayil na farko a faifan yana iya hawa kan na biyu da shi, garin neman gira a rasa ido. Mafi kyau a cire faifan, a haɗa shi da wata kwamfuta ta akwatin USB. In ba zai ciru ba, a sauko da manhajar a wata kwamfuta, a zuba ta a filash, a kunna ta daga can.

Recuva ita ce mafi sauƙi ga wanda bai saba ba. Kyauta ce, a Windows kaɗai take aiki, tana tambaya mataki-mataki, sannan ta nuna fayiloli da ɗigo kore, ruwan goro ko ja gwargwadon yadda take ganin lafiyarsu. A shiga Options, a shafin Actions a kunna Restore folder structure, in ba haka ba za ta zube komai wuri ɗaya. Kore ba alkawari ba ne: ma'anarsa kawai babu wani fayil mai rai a kan guraben a yanzu, ba ta san ko wani ya hau ya sauka ba, kuma a SSD za ta iya nuna kore ta ba ka sifiri. A kuma kiyayi Secure Overwrite da ke cikin jerin danna-dama, aikinsa kishiyar abin da ake nema ne, shafe fayil ɗin har abada. Rauninta yana fitowa in rajistar ta lalace ko an yi wa faifan fomatin. A nan tana baya.

Windows File Recovery ta Microsoft ce, ta fito a 2020, tana buƙatar Windows 10 juyi na 2004 ko sama. Ba ta da maɓallai, rubuta mata umarni ake yi:

`winfr D: E: /regular /n \Takardu\`

`winfr D: E: /extensive /n *.docx /n *.pdf`

D: shi ne inda aka goge, E: inda za a sauke, kuma ba ta yarda su zama ɗaya. Ana amfani da /regular ga NTFS mai lafiya da aka goge kwanan nan, /extensive kuma in an daɗe, ko an yi fomatin, ko tsarin faifan FAT ko exFAT ne, irin na filash da katin memori. Matsalarta biyu: ba ta nuna fayil kafin a sauke, kuma daga Microsoft Store ake saka ta, wato a kan C: za ta sauka. In C: ne ya yi asarar kuma ba a riga an saka ta ba, a ganinmu a bar ta.

TestDisk ta Christophe Grenier kyauta ce, ba a saka ta, buɗe ta kawai ake yi daga filash, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. An fi saninta da dawo da ɓangaren faifai, irin C: ko D:, da ya ɓace gaba ɗaya, amma tana ceto fayil ɗai-ɗai a NTFS, FAT, exFAT da ext2. A zaɓi faifai, Proceed, a bar nau'in teburin da ta gano, Advanced, a zaɓi ɓangaren, Undelete. Alamar : tana zaɓar fayil, babban C yana kwafe waɗanda aka zaɓa. Baƙin allonta yana tsorata mutane, alhali abin tsoro ɗaya ne a cikinta, Write, wanda ke sake rubuta teburin ɓangarori. Mai neman fayil kawai ba shi da haɗi da shi.

DMDE da R-Studio su ne na masu sana'a. Suna iya sake gina tsarin folda daga ragowar rajista ko da an yi fomatin, suna karanta NTFS da exFAT da ext4 na Linux da APFS na Mac, suna aiki a kan kwafin faifai, suna haɗa RAID, wato tarin faifai masu aiki kamar ɗaya, in ya warwatse. DMDE ta kyauta tana barin a ceto fayil har 4,000 daga folda ɗaya a kowane zagaye, kuma ana iya maimaitawa. Ga wanda folda ɗaya ko biyu ya rasa, wannan ya wadatar, sai dai fuskarta cike take da lambobi kuma tana da editan da ke iya rubutu a faifai. R-Studio ta gwaji tana nuna komai amma ƙananan fayiloli kaɗai take saukewa sai an biya. EaseUS, Stellar da Disk Drill sun fi kyan fuska da sauƙin bi, bincikensu kyauta ne, sai dai akwai iyakar abin da za a sauke kafin a nemi kuɗi. Kafin a biya kowace, a buɗe samfotin ainihin fayil ɗin da ake nema a ga cikinsa. Ganin suna a jeri ba ya nuna komai. A kuma duba ko lasisin na dindindin ne ko na wata-wata mai sabunta kansa.

Wani abin lura: fayil ɗin da ya bi ta kwandon shara kafin a kwashe shi, Windows ya riga ya sauya masa suna zuwa $R da haruffa shida, ya ajiye ainihin sunan a wani ɗan fayil mai farawa da $I. Mutane da yawa suna neman sunan da suka sani, ba su gani ba, su fid da rai. A duba cikin foldar $Recycle.Bin, a bi girma da nau'i da rana.

FAT32 da ke kan tsofaffin filash ya fi NTFS wuya ta wani ɓangare. Gogewa tana maye harafin farko na sunan da alamar E5, kuma tana share sarƙar da ke nuna jerin guraben. Manhaja tana sanin inda fayil ya fara da girmansa ne kawai, sai ta ɗauka a jere yake. In a jere yake, an dace. In a rarrabe yake, rabinsa na wani ne.

Hanya ta uku: tono ba tare da rajista ba

In rajistar ta tafi, saura a bi faifan daga farko zuwa ƙarshe ana neman tambarin da kowane nau'in fayil ke farawa da shi. Hoton JPEG yana farawa da FF D8 FF ya ƙare da FF D9, PDF yana farawa da %PDF, takardun docx da xlsx kuma da PK domin a zahiri fayilolin zip ne. PhotoRec, 'yar'uwar TestDisk da suke zuwa a ƙunshi ɗaya, ita ce gwanar wannan aiki a cikin na kyauta. Ta san nau'o'in fayil sama da 400, ba hotuna kaɗai ba duk da sunanta, kuma ba ta rubutu a faifan da take bincika. Abin da sauran manhajoji ke kira Deep Scan ma galibi wannan ne, haɗe da neman ragowar rajista.

Abin da ake biya a nan shi ne tsari. Babu suna, babu folda. Fayiloli suna fitowa da sunaye irin f1234567.jpg, a cikin foldoji recup_dir.1, recup_dir.2, kowace da kimanin fayil 500, kuma faifan da aka daɗe ana amfani da shi yana iya amayo dubban ɗaruruwa, har da kowane ɗan hoto da burauza ta taɓa ajiyewa. Saituna biyu ne ke rage wahalar. A File Opt a danna s a cire alamar komai, sannan a zaɓi nau'in da ake nema kaɗai. In ta tambayi Free ko Whole, a zaɓi Free in gogewa ce kawai, don ta tsaya a guraben da aka saki. Whole na faifan da tsarinsa ya rushe ne.

Tono yana yi wa hotuna kyau sosai, domin yawanci a jere suke kuma ranar ɗauka tana cikin hoton, ana iya sake jera su da ita. Yana yi wa PDF da takardun ofis daidai gwargwado. Inda yake faɗuwa shi ne manyan fayiloli da suka rarrabu: bidiyo, rumbun imel na Outlook, rumbun bayanai, takardar da aka yi ta adanawa ana ƙarawa watanni. Bidiyon MP4 daga kyamara yana da wani sashe da ake kira moov, wanda shi ne jagoran sauran, kuma kyamarori da yawa a ƙarshe suke rubuta shi. In tono bai haɗo shi da jikin bidiyon ba, za ka samu fayil mai gigabait biyu da ya ƙi buɗuwa.

Shi ya sa ba a fara da tono. A fara da mai karanta rajista, in ta gaza a zo nan. Haka kuma faifan da aka kulle da BitLocker sai an buɗe shi da kalmar sirri ko mabuɗin ceto mai lamba 48 kafin kowace manhaja ta ga wani abu; in ba haka ba tono zai yi awanni bai samo ko fayil ɗaya ba.

Kwafe faifan sak kafin a taɓa shi

Wannan ba kishiyar hanyoyin baya ba ce, shimfiɗa ce a ƙarƙashinsu. Ana kwafe faifan sekta bayan sekta, wato ƙananan yankunan da aka rarraba shi, har da filin da ake ganin babu komai, zuwa fayil ɗaya a wani faifai, sannan a ajiye na asalin a yi ta gwaji a kan kwafin. Ga faifai mai lafiya da fayil marar nauyi sosai, ana iya tsallakewa. Ga faifan da ya fara ciwo kuwa dole ne, domin bincike mai zurfi awanni ne na karatu ba hutu, kuma sau da yawa shi ke ƙarasa faifan da ke kan gargara.

Ana duba lafiyar da CrystalDiskInfo ko smartctl. Layuka uku ne abin kallo: 05, adadin sektocin da aka riga aka sauya, C5, waɗanda ake shakkarsu, C6, waɗanda suka ƙi karantuwa. In C5 ko C6 ya wuce sifiri, ko kwamfuta tana daskarewa duk lokacin da aka buɗe wata folda, a daina bincike a koma kwafi.

GNU ddrescue aka gina don wannan. Ana tayar da kwamfuta da Linux daga filash, misali SystemRescue, a tantance sunan faifan da lsblk ta hanyar duba girma da samfuri, sannan:

`ddrescue -n /dev/sdb kwafi.img kwafi.map`

`ddrescue -d -r3 /dev/sdb kwafi.img kwafi.map`

Zagayen farko yana kwashe wuraren da ke karantuwa da sauƙi ya tsallake masu wuya. Na biyu yana komawa kan masu wuyan har sau uku. Fayil ɗin map shi ne ke riƙe inda aka tsaya, don haka ko wuta ta ɗauke ana ci gaba daga nan; kada a yi aikin ba shi. Faifan da za a zuba kwafin dole filinsa ya fi girman na asalin gaba ɗaya, ba girman fayilolin da ke ciki ba, kuma kada ya zama FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil da ya kai 4GB. Faifai mai 1TB mai lafiya yana ɗaukar awa biyu zuwa uku ta SATA ko USB 3, kimanin awa takwas zuwa tara ta USB 2.0, mai ciwo kuwa kwanaki. Kuskure mafi muni a nan shi ne juya sunaye a kwafe faifan banza a kan mai bayanan. A karanta layin sau biyu kafin a danna Enter.

A wannan hali akwai abubuwa biyu da Windows zai ba da shawara, duka a ƙi. In ya ce faifan yana buƙatar fomatin, a danna Cancel. Fomatin na gaggawa rajista kawai yake sabuntawa, ana iya ceto da yawa bayansa a HDD, amma cikakken fomatin tun daga Windows Vista sifiri yake rubutawa a ko'ina. Na biyu chkdsk: aikinsa daidaita rajista ne ba ceton fayil ba, kuma yana iya yanke abin da bai gane ba ya tara shi gutsi-gutsi a foldar FOUND.000.

Lokacin da za a kai wa ƙwararru

Faifan da ke ƙas-ƙas, ko ƙugi, ko ya ƙi juyawa, ko ya faɗi, ko ruwa ya shige shi, ko kwamfuta ta daina ganinsa, ya fita daga hannun manhaja, har da ddrescue. Kan da ke karanta farantin yana shawagi ne a tazarar 'yan nanomita. In ya lanƙwashe, kowane kunnawa karce farantin yake, kuma abin da ya zama ƙura ba ya dawowa. A kashe, kada a sake gwadawa. Kada a buɗe murfin, kada a saka shi a firiza, kada a sauya masa allon lantarki da na wani faifai, domin a allon ko guntun da ke kansa akwai saitin da ya keɓanta da wannan faifan shi kaɗai.

Ɗakin aikin ƙwararru yana da teburi mai tace ƙura, kayan gyara daga faifai irinsa, da na'urori irin PC-3000 da ke magana da manhajar cikin faifan kai tsaye. Wannan ne abin da ake biya. Ga gogewa zalla a faifai mai lafiya, kusan irin manhajojin da aka ambata suke amfani da su, abin da suka fi ka shi ne ƙwarewa da rashin gaggawa. Abin da ba za su iya ba shi ne dawo da gurbin da aka rubuta wani abu a kai. Labarin cewa ana iya karanto tsohon bayani a ƙarƙashin sabo ya samo asali ne daga takardar Peter Gutmann ta 1996, wadda ta yi magana a kan faifan wancan zamani. Jagorar hukumar NIST ta Amurka ta 2006 ta ce rubutu sau ɗaya ya isa ya shafe yawancin faifan zamani. A SSD kuwa, damar da ta rage ƙarama ce, kuma tana ga wanda ya yanke wuta nan take bai sake kunnawa ba.

Kafin a miƙa faifai a tambaya: za su ba da kiyasi a rubuce kafin su fara, za su nuna jerin fayilolin da suka samu kafin a biya, me za a biya in ba a samu komai ba, a wurinsu ake aikin ko turawa suke yi, kuma yaushe suke goge kwafin da ke hannunsu. A faɗa musu gaskiyar duk abin da aka riga aka gwada. A kuma duba takardar garanti, domin wasu faifan Seagate suna zuwa da hidimar ceto bayanai a cikin garantinsu.

Masu Linux nasu ya ɗan bambanta. A ext4 gogewa tana share jerin guraben daga shafin fayil ɗin, don haka extundelete da ext4magic suna dogara ne da littafin aikin tsarin, wanda ke cika ya zagayo da sauri. A cire ɓangaren daga aiki, wato unmount, ko a mayar da shi na karatu kawai nan take. In kuwa wata manhaja tana riƙe da fayil ɗin a buɗe, kada a rufe ta: lsof zai nuna lambarta, a kwafo fayil ɗin lafiya lau daga /proc, cikin foldar fd ta wannan lamba.

Bayan an sauke

Fayil ɗin da ya sauka da suna da girma daidai bai zama an cece shi ba sai an buɗe. A buɗe hotuna a cika allo, domin ƙaramin samfotin da ke cikin hoto yana iya fitowa lafiya alhali rabin babban toka ne. A ja bidiyo zuwa tsakiya da ƙarshe. A gangara takarda har shafin ƙarshe. Har sai an gama wannan, faifan asali ko kwafinsa na sak yana ajiye ba a taɓa shi, domin fayil ɗin da wata manhaja ta fitar a lalace, wata tana iya fitar da shi daidai.

Wanda ya fito da rauni ma ba a jefar da shi. Takardar docx da Word ya ƙi buɗewa, a yi kwafinta, a sauya ƙarshen sunan zuwa zip, a buɗe da 7-Zip. In fayil ɗin document.xml da ke cikin foldar word ya fito, rubutun yana nan ko da ado ya tafi. Bidiyon da ya rasa moov kuma ana iya gwada shi da untrunc, wadda ke buƙatar wani bidiyo lafiyayye da aka ɗauka da kyamarar nan a saiti iri ɗaya, ta ari tsarinsa ta sake gina jagoran.